Bayan Digirin Digirgir, a Binciki Yadda Kunnen Bahaushe ke Jin Magana

Matashin malamin da ya kammala digiri na uku a kimiyyar harshe yakan tsaya yana tambayar kansa ina zai dosa. Kundi ya tafi ɗakin karatu, azuzuwa sun cika da ɗalibai, ƙarin girma kuma sai da maƙalu. Da yawa sukan yayyanka kundin nan su fitar da maƙala uku ko huɗu, daga nan bincike ya tsaya. A jami'o'in Turai da Amurka akwai matakin da ke tsakanin digiri da cikakkiyar kujerar koyarwa, inda sabon dakta zai yi shekara biyu ko uku yana bincike zalla ƙarƙashin gogaggen malami. Jami'o'inmu ba su cika tanadar irin wannan gurbi ba. Shawarata ga irin wannan Malam ita ce ya tsara wa kansa waɗannan shekaru, ya kuma sa su a fagen da Hausa ta fi buƙata yanzu, wato gano abin da kunnen mai sauraro ke kamawa har ya fahimci magana.

An yi wa Hausa hidima babba ta fuskar bayani. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, littafin Farfesa Mu'azu Sani Zariya kan tsarin sauti da nahawu ya zama abokin kowane ɗalibin Hausa, Paul Newman ya fitar da katafaren nahawunsa a 2000, Jami'ar Bayero kuma ta buga Ƙamusun Hausa a 2006 ta hannun cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya. Mafi yawan wannan aiki ya tsaya ne kan yadda ake furta sauti da yadda sautuka ke jeruwa. Ɓangaren mai ji shi ne bai sami rabonsa ba. Mun san tsawon wasali ne ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, karin sauti kuma shi ya raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Amma wasali zai kai wane tsawo kafin Bakano ya ji shi dogo? Idan hayaniyar a-daidaita-sahu ta rufe rabin magana, me ya fi saurin ɓacewa, kari ko bambancin k da ƙ? Ana amsa irin waɗannan tambayoyi ne ta gwaji da masu sauraro, domin kunnen masani guda, komai ƙwarewarsa, ba ya wakiltar jama'a.

Hujja daga wasu harsuna ta nuna girman abin da ke jiran mu. A 1984 Janet Werker da Richard Tees, a Kanada, sun gwada jariran gidajen da ake Turanci. 'Yan wata shida zuwa takwas sun iya bambance sautukan Hindi da na wani harshen mutanen asalin ƙasar mai baƙaƙe irin ƙ ɗinmu, amma kafin su cika shekara wannan baiwa ta ragu ƙwarai. Ke nan harshen da yaro ya tashi a cikinsa shi ke horar da kunnensa, don haka abin da aka gano game da mai jin Turanci ba lalle ya dace da mai jin Hausa ba. A Hausa ma an ɗan taɓa hanyar. A 1981 Roxana Ma Newman da Vincent van Heuven sun auna tsawon wasalin ƙarshen kalma da na'ura, daga baya William Leben da Sharon Inkelas suka nazarci yadda kari ke sauka a cikin jimla. An share fage, saura a kai tambayar gaban masu sauraro masu yawa.

Za a ce ina ɗakin gwaji, ina kuɗin kayan aiki. Wannan uzuri ya yi ƙarfi shekara talatin da suka wuce, yau kuwa ya yi rauni. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce, kuma da ita ake auna tsawon wasali da tashin murya, har a sauya su yadda ake so. Malam zai naɗi muryar mutum guda yana cewa gari, ya ja wasalin farko kaɗan-kaɗan har mataki bakwai, ya cakuɗa jerin, ya sa wa mai sauraro abin ji a kunne, ya ajiye masa hoton birni da hoton kwanon gari ya nuna wanda ya ji. Amfani da hoto yana ba wanda bai yi boko ba damar shiga. Da kwamfuta guda, da makirufo mai kyau, da ɗakin da aka rufe tagoginsa lokacin da injin markaɗe bai tashi ba, an sami wurin aiki.

Masu sauraro kuwa suna bakin ƙofa. Alal misali, unguwar Goron Dutse na cikin badalar Kano, ba nisa da tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, kuma a unguwa irin wannan za a tarar da dattijon da ya tashi da Kananci tsantsa, da matashin da ke gauraya Hausa da Turanci a waya, da baƙon da ya zo da Sakkwatanci ko Katsinanci, da alaramman da ya shafe shekaru yana kiyaye madda a karatu. Kwatanta kunnen alaramma da na wanda bai yi tilawa mai zurfi ba wajen jin tsawon wasali tambaya ce da masanan duniya za su so amsarta, kuma mai zaune a Kano ya fi kowa damar yin ta. Sai dai a bi ƙa'ida. A sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, a gaida mai unguwa a yi masa bayani, a nemi yardar kowane mutum da Hausar da zai fahimta, a ɗauki mace mataimakiya domin shiga gidaje, a kuma sakaya sunayen mutane.

Wani zai ce al'umma na fama da matsaloli, me auna wasali zai tsinana mata. Amsar tana asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 430 na da larurar ji mai buƙatar kulawa. Auna ji ba ya ƙarewa a sauraron ƙarar na'ura, ana kuma karanta wa majiyyaci jerin kalmomi ya maimaita, kuma jerin da aka gina kan Turanci ba zai nuna ko tsohuwa tana jin bambancin ɓ da b ba. Bincike kan masu jin Sinanci ya nuna cewa na'urar da ake dasawa a kunne tana da rauni wajen isar da karin sauti, Hausa kuwa da kari take rarrabe "ya zo" na labari da "ya zo" na umarni. Likitocin kunne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna abokan aiki ne na zahiri. Haka ma masu gina manhajojin da ke mayar da murya rubutu, da malaman firamare masu koyar da karatu da rubutun da ba ya nuna kari ko tsawon wasali.

Saboda haka Malam ya zaɓi tambaya guda ƙarama, ya koyi lissafin ƙididdiga ko ya haɗa kai da wanda ya iya, ya yi gwajin farko da mutum ashirin ko talatin kafin ya nemi kuɗin kowa. Wannan sakamako shi zai riƙe ya nemi tallafin bincike na TETFund ta hannun jami'arsa, ko tallafin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt ta Jamus, wanda ake ba masu sabon digiri na uku daga ƙasashe masu tasowa na wata shida zuwa shekara biyu. In ya fita waje, ya tafi da tambayarsa da muryoyin da ya naɗa, ya dawo da ƙwarewar da zai koya wa ɗalibai. Ya kuma rubuta sakamakon da Turanci domin mujallun duniya, da Hausa domin likita da malamin aji da za su yi aiki da shi.