Darasin Tattalin Arziki: Daushe da Lissafin Ribar Ajiya

Yawancin amfanin gona darajarsa raguwa take yi daga ranar da aka girbe shi. Akwai kuma kaɗan waɗanda daɗewa ke ƙara musu daɗi da kuɗi. Malaman tattalin arziki na Turai sukan koyar da wannan babi da misalin giyar inabi, kamar yadda Knut Wicksell na ƙasar Suwidin ya yi a farkon ƙarni na 20, inda ya yi tambaya: yaushe ya kamata mai kaya ya daina ajiya ya sayar? A ƙasarmu ba ma bukatar aron wannan misali, domin kuwa muna da goro, kuma duk mai faifai a Yolde Pate ko dillali a babbar kasuwar Jimeta yana fuskantar wannan tambaya kowace shekara.

A Faransa, tun 1855 aka jera gonakin inabi na yankin Bodo hawa-hawa bisa farashin kayansu. Amma ko a can, mafi yawan abin da ake yi ana shanye shi ne cikin shekaru kaɗan. Ƙalilan ne ke jure ajiyar shekaru goma ko ashirin: ja saboda sinadarin bauri da ke fatar inabi, fari kuma saboda tsami ko zaƙinsa. Masu ɗanɗano ne ke hasashen wanda zai jure, kuma hasashensu na motsa farashi tun kafin kaya su isa kasuwa.

Goro ma haka yake. Sabon goro yana da ruwa da bauri mai kama harshe. Idan ya kwana biyu a huhu, ruwan ya ragu, baurin ya lafa, sai ya zama daushe, mai ƙarfi a haƙori da garɗi a baki, wanda masana goro ke biyan kuɗi fiye da na sabo domin su same shi. Sai dai ba kowane goro ke zama daushe ba. Gwanin saye yakan duba cikar ƙwaya, ya tabbatar babu rauni ko ramin tsutsa, ya ɓara ɗaya ya ɗanɗana. Marsa, wato manyan ƙwayoyi, ta fi minu kuɗi, kuma goron da aka tsinka bai ƙosa ba yanƙwanewa yake yi tun kafin damina.

Wannan ilmi tsoho ne. Fataken Hausa sun yi ƙarnoni suna ɗauko goro daga Gwanja, ta kasuwar Salaga a Gana ta yau, tafiyar watanni a kan jakuna, suna kwance kaya a zango suna yayyafa ruwa. Adamawa kuwa tana da tata hanyar, ta Banyo, daga tsaunukan Bamenda na Kamaru. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarabawa, har garuruwa irin su Shagamu suka zama cibiyar saye. Babbar kakar goro a can takan faɗo daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da kaya ke yawa farashi ya sauka.

To, ina ribar take? A ɗauka, domin misali kawai, ɗan kasuwa ya sayi ƙwarya 20, wato goro 2,000, a kan Naira 5,000 kowace ƙwarya. Jarinsa Naira 100,000 ke nan. Ya yi niyyar ajiya ta wata shida. Ganyen fita, ladan masu tsincewa da hayar ɗaki suka ci Naira 10,000. Da ya juya kuɗin nan a wata sana'a, a ce zai samu Naira 12,000. Wannan ma hasara ce da ya wajaba a lissafa, ko da yake ba ta fita daga aljihu. Jimilla Naira 122,000. Idan sankara da bushewa suka cinye kashi 15 cikin ɗari, ƙwarya 17 ta rage masa, don haka sai ya sayar da kowace a kan kimanin Naira 7,200 kafin ya tashi babu riba babu faɗuwa. Ma'ana, dole farashi ya hau da kusan kashi 44 cikin ɗari. Idan kuwa ɓarnar ta kai kashi 30, ƙwarya 14 ce a hannunsa, kuma sai farashi ya haura Naira 8,700.

Abin lura a nan shi ne, ɓarna ta fi kowane abu nauyi a lissafin, kuma yanayin Yola ba ya rangwame. Hunturu yana tsotse ruwan goro, sannan a watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Shi ya sa masu ajiya ke neman ɗaki mai sanyi da duhu, suna kwance huhu a kai a kai, suna fitar da duk ƙwayar da ta kamu, suna sauya ganye. Ƙwaya ɗaya mai sankara, idan aka yi sakaci, tana iya lalata huhu guda.

Akwai kuma gajeriyar hanya mai haɗari. Wasu kan zuba maganin ƙwari a cikin goro, alhali ɗanye ake cin sa, ba a dafawa. Sinadarin da ke cikin Gammalin 20 yana cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda goro ke cikin amfanin da aka ɗora mata bincikensu, ita ce inda ya kamata ƙungiyoyin 'yan goro su nemi shawara.

Har ila yau, a yi hattara da hauhawar farashi. A Disamba 2024 ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari a Nijeriya, kuma cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ya ɗaga kuɗin mota daga Kudu. A irin wannan hali mutum zai iya ganin kuɗi sun ƙaru a hannunsa, amma idan kaka ta zagayo ya kasa sayen adadin huhun da ya saya bara. Ma'aunin riba na gaskiya shi ne yawan goron da kuɗin za su sake sayowa.

Ƙa'idar da Wicksell ya fitar ita ce wadda tsofaffin fatake suka sani a aikace: a ci gaba da ajiya muddin ƙarin darajar da wata mai zuwa zai kawo ya fi kuɗin ajiya, ɓarna da ribar da jarin zai samo a wani wuri. Ranar da suka yi daidai, ranar sayarwa ce. Saboda haka ya kamata mai ajiya ya riƙa rubuta abin da ya zubar a kowace tsincewa, ya lura da lokutan bukukuwan aure da salla da bukata ke tashi, sannan ya saki kayansa kashi-kashi kafin sabon goro ya cika kasuwa.