Ka San Ciwon Albasarka Kafin Ka Sayi Magani

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zama sana'ar gida-gida a wannan yanki. Shinkafa da alkama da tumatir su suka fi yin suna, amma duk wanda ya je kasuwar Gun-Dutse lokacin cirar albasa ya san ita ma ba a bar ta a baya ba. Akwai mai babbar gona, akwai mai komaye biyar a bakin kanal, akwai uwargida da ta dasa a bayan ɗaki don miya. Wannan takarda ta dukansu ce.

Ga abin da yakan faru. Manomi ya ga lawashi ya fara bushewa daga sama, sai ya ce albasarsa ta ƙone. Ya zarce shago, ya ce a ba shi mai ƙarfi. Mai shago bai ga gonar ba, kuma ciniki ya fito yi, sai ya miƙo kwalba. A fesa, a sake fesawa, albasa tana nan jiya i yau, kuɗi sun tafi. To, ku sani, bushewar lawashi alama ce kawai. Ƙwari na kawo ta, cutar funfuna na kawo ta, yawan ruwa da ƙarancin taki su ma suna kawo ta. Maganin ƙwari ba ya kashe funfuna, maganin funfuna kuma ba ya taɓa ƙwaro.

Saboda haka ka je gona da sassafe, ka tsaya a kan kunya ka dubi komayen gaba ɗaya. In duk albasar ta ɗashe bai ɗaya, tsofaffin ganye na ƙasa suka fara yin ɗorawa, ka fara zargin yunwar taki ko kwanciyar ruwa. Cuta ita tsibi-tsibi take farawa, nan ta kama, can lafiya lau. Bayan haka sai ka tsuguna.

Ka buɗa tsakiyar lawashin da yatsa, wurin da sababbin ganye ke fitowa. Nan babban maƙiyin albasar rani yake ɓuya, wani ɗan ƙwaro da malaman gona ke kira tirif. Bai kai ƙwarƙwata ba, tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, 'ya'yansa ruwan ɗorawa, manyan kuma sun ɗan yi duhu. Yana kankare fatar ganye ya tsotse ruwan, sai ka ga fari-fari mai ƙyalli a jikin lawashi, da ɗigo-ɗigon baƙin kashinsa. In idonka bai gani sosai, ka sa farar takarda a gindi ka kaɗa ganyen, za ka ga suna yawo a kai. Ƙwaron nan zafi da bushewar iska yake so. In aka fita hunturu rana ta fara zafi, cikin mako biyu zuwa uku ƙwai ya zama uwa. Shi ya sa wanda ya yi dashe a makare ya fi shan wahalarsa. Feshin da ya tsaya a saman ganye aikin banza ne, sai ruwan maganin ya gangara cikin tsakiyar nan. Kuma kada ka liƙe wa magani iri ɗaya, domin ƙwaron yakan saba da shi. Mai 'yan komaye a gida yana iya farawa da ruwan dakakken ƙwallon darbejiya da ɗan sabulu, da yamma.

Cutar tabo daban take, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya, don raunin da ƙwaron ya yi shi ne ƙofarta. Tana farawa da ɗan farin tabo da ya lotsa, ya yi ta faɗi, tsakiyarsa ta koma shuni-shuni, zobe cikin zobe, gefe kuma ɗorawa. In tabon ya zagaye ganyen, sai ya karye daga nan ya kwanta. Laima take so: raɓa mai nauyi, dashe a cunkushe, ganye ya kwana a jiƙe. A nan ne maganin funfuna irin su mankozeb yake da amfani, in an fara da wuri. Ganyen da ya riga ya mutu ba ya dawowa.

Idan kuwa ka ga ganye ya yi shara-shara kamar an rarake shi daga ciki, tsaga shi. Tsutsa ce ta shige cikin bututun lawashi. A ƙaramin wuri tsince ta da hannu ya fi feshi.

Masu albasar damina su lura da cutar murɗewa: ganye ya nannaɗe ya ɗashe, wuya ya yi tsawo, kai ya ƙi ƙulluwa. Ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, don kusa da Zariya aka fara ba da labarinta a 1969. Fantsamar ruwan sama ke yaɗa ta, don haka a tuge wadda ta kamu a fitar da ita daga gonar.

Yanzu saura abin da yawancinmu ba mu son yi, wato tuge albasa guda a duba ƙasanta. Mutum yana ganin asara ce, alhali ita ce za ta gaya masa gaskiya. Saiwa mai lafiya fara ce, mai yawa, tana riƙe da ƙasa. In ta tugu ba wuya, saiwar ta ruɓe, ka yanka gindin ka ga ya yi ruwan ƙasa, to cutar a cikin ƙasa take, kuma babu feshin ganye da zai kai gare ta. A yankinmu, inda ruwan kanal ba ja ake yi da guga ba, hannu yakan yi nauyi wajen ban ruwa, magudanai kuma sun toshe da ciyawa. Albasa saiwarta gajera ce, ba ta jure kwanciyar ruwa. A rage ruwa, a yashe magudana, a kuma hutar da wurin daga albasa da tafarnuwa kamar shekara 3, a sa alkama ko masara.

Wata ruɓar ma sai a rudu take bayyana, amma daga gona aka ɗauko ta. Yawan yuriya a ƙarshe yana sa wuya ya yi kauri ya ƙi bushewa. A yanke ruwa in lawashi ya fara kwanciya, a bar wuya ya bushe sarai kafin a adana, a ware mai rauni da mai baƙin gari a ƙarƙashin ɓawo.

In ka duba duk wannan abin bai fito maka ba, kada ka je wa malamin gona da labarin baki. Tugi albasa biyu da saiwarsu da ƙasarsu, ɗaya mai ciwo ɗaya mai lafiya, ka kai wa ma'aikatan hukumar aikin gona ta KNARDA, ko tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. In an rubuta maka magani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ka auna yadda aka ce, ka rufe hanci da jiki, kada kuma a yanki lawashi don miya sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.