Me Likita Ke Nema a Jinin Mai Ciwon Huhu?

Wata mai saurarenmu daga Zariya ta tambaya: me ya sa ake ta ɗibar jinin mahaifinta, alhali numfashi ne ke damunsa?

To Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Idan ƙwayar cuta irin ta korona ko mura mai tsanani ta kama huhu, jini kan nuna inda ciwon ya dosa. Likita na duba CRP, sinadarin da hanta ke ƙara fitarwa idan kumburi ya tashi a jiki. Yana kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait; idan suka yi ƙasa sosai, garkuwar jiki ta jigata.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne di-daima, ɓurɓushin gudan jini da ya narke. A binciken majinyata 191 a Wuhan ta ƙasar Sin a 2020, waɗanda nasu ya hau tun ranar kwanciya sun fi shiga haɗarin mutuwa. Shi ya sa ake maimaita gwajin: ana son ganin lambar na hawa ne ko sauka. Ki roƙi likitan ya nuna miki sakamakon jiya da na yau tare.