Darasin Wannan Mako: Ɗanka Yana Aji Shida, Me Ka Shirya?



 Darasinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne da ke ajin ƙarshe na sakandare, wato SS3. Kusan kowane layi a Babbar Kasuwar Jimeta akwai mai ɗa ko 'ya a wannan aji. Ka tambayi uban farashin buhun shinkafa a Kano da Mubi, zai faɗa maka ba tare da ya duba waya ba. Ka tambaye shi darussa nawa yaronsa zai zauna a JAMB, sai ya ce ai uwarsa ta sani, uwar kuma ta ce ai makaranta ta sani. Haka yaro mai ƙwaƙwalwa kan rasa shekara guda, wani ma biyu, saboda takarda ɗaya da ba a gyara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa bakwai da ya kamata kowane gida ya duba tun yanzu.

1. Suna da ranar haihuwa

Da wannan za mu fara, domin shi ya fi kayar da yaranmu. Tun daga 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar ɗan ƙasa, NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke jikin lambar su take ɗauka. To, ku duba yadda muke rubuta sunaye. A takardar haihuwa Muhammad, a firamare Mohammed, a WAEC Muhammed, a NIN kuma an ƙara sunan gari, an sa Bichi ko Funtua a ƙarshe. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutum huɗu ne. Ranar tantancewa a jami'a sai a ce yaro ya je ya kawo takardar rantsuwa ta kotu, ya koma ofishin NIMC ya yi gyara, kafin ya gama an rufe rajista.

Abin yi shi ne, yau da dare a fito da takardar haihuwa, da ta NIN, da shaidar gama firamare, da ta ƙaramar sakandare, a jera su a kan tabarma. A duba harafi bayan harafi, da jerin sunayen, da rana da wata da shekara. In an ga saɓani, a gyara kafin makaranta ta tura sunaye WAEC da NECO, domin gyara bayan an buga satifiket wahala ce da kashe kuɗi.

Sannan a ji tsoron Allah game da shekaru. Dokar yanzu ita ce sai ɗalibi ya kai shekara 16 ake ba shi gurbi a babbar makaranta. Kada a ƙara wa yaro shekaru don ya shiga da wuri, kada kuma a rage masa don wai ya samu bautar ƙasa. Ƙarya ce, kuma ita zai yi ta ɗauka har ranar ritayarsa.

2. Takardar asali

Wannan matsala tamu ce mu da muka zo neman halal daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Zamfara da sauran garuruwa. An haifi yaro a Jimeta, Fillanci a bakinsa kamar Hausa, bai taɓa kwana bakwai a garin kakansa ba. Amma fom zai tambaye shi jiharsa ta asali da ƙaramar hukumarsa, kuma za a nemi takardar shaida, wadda muke ce wa indijin.

Gidan da ya daɗe a nan tun kaka da kakanni, har ƙaramar hukuma ta san shi tana ba shi takarda, sai ya bi wannan. Wanda kuwa shi ne ya zo da ƙafarsa, to ya shirya tafiya gida. Akan fara daga mai unguwa, zuwa dagaci ko hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma. Tunda muna zuwa gida da Sallah ko sarin kaya, a haɗa da wannan, a tafi da yaron da hotunansa na fasfo. A nan ne amfanin zumunci ke fitowa, domin mai unguwar da bai san ka ba, bai san ubanka ba, zai yi wuya ya sa maka hannu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Me ya sa takardar take da nauyi haka? Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Adamawa tana cikin wannan lissafi, haka ma Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Makarantun jihohi kuma galibi kuɗin ɗan jiha daban, na baƙo daban. Tallafin karatu ma hukumar jiharka ta asali ce ke ba ka. Don haka a zaɓi gaskiya guda a tsaya a kanta. Kada a rubuta Adamawa a JAMB, a kawo takardar Katsina ranar tantancewa. Kada kuma a sayi takardar ƙaramar hukumar da ba taka ba.

3. Jarrabawar gama sakandare

WAEC kan zo wajen Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Akwai NABTEB ta 'yan makarantun fasaha da kasuwanci, akwai kuma NBAIS ta 'yan makarantun Arabiyya da ilimin addinin Musulunci, ita ma ana neman gurbi da sakamakonta. Mafi yawan kwasa-kwasai suna son kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Kwas irin likitanci, jami'o'i da dama zama ɗaya suke so.

Alhaji, daga watan Janairu a sassauta wa yaro zaman shago. Wanda ya wuni yana auna gero har magariba, da me zai karanta Kemistiri? A ba shi awa biyu ko uku kullum. Hajiya, ita ma yarinya a rage mata talla da wanke-wanke a wannan tsakani. Watanni kaɗan ne.

Sai batun makarantun da ake kai yara ƙauye a biya kuɗi mai yawa don a rubuta musu amsa a allo. Wannan ha'inci ne, daidai da tauye mudu. Hukumar jarrabawa kan riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya in ta gano an yi maguɗi, mai laifi da marar laifi duk su sha. In ma an tsira, yaron zai je gaban kwamfutar JAMB shi kaɗai, ba mai raɗa masa komai.

4. JAMB

A 'yan shekarun nan akan sayar da fom tsakanin Janairu da Maris, a yi jarrabawa wajen Afrilu ko Mayu. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne a ciki. Tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400, duka a kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kai shi ya gwada tun kafin ranar.

Zaɓen sauran darussa ukun shi ne wurin kuskure. Mai son likitanci ko aikin jinya: Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya: Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin akanta ko sarrafa kasuwanci: Lissafi da Tattalin Arziki da wani darasi na wannan fanni. Mai son lauya yana buƙatar Adabin Turanci. In aka saɓa, ko yaro ya ci 300 ba za a ba shi kwas ɗin ba. JAMB tana da kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, a duba shi kafin a cike fom.

Layin wayar da aka nemi lambar rajista da shi ya zama na yaron ne ko na gida, kuma a kiyaye shi kamar makullin shago, domin duk saƙon JAMB ta nan zai zo. Kada a yi da layin mai shagon intanet ko imel ɗinsa. Rajista kuma a cibiyar da JAMB ta amince da ita ake yi.

Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai an ɗora shi a shafin JAMB da ake kira CAPS. Yara da yawa sun ci jarrabawa sun zauna gida suna jira, alhali sakamakonsu bai hau ba. In gurbi ya fito, a CAPS ɗin yaro zai danna ya karɓa, cikin lokacin da aka ɗiba. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi ta bayan gida, a guje shi. Gurbin da bai bi ta JAMB ba yakan hana yaro zuwa bautar ƙasa bayan ya sha wahalar shekara huɗu ko biyar.

5. Makarantun da ke kusa da mu

Allah Ya yi mana baiwa a garin nan. Ga Jami'ar Modibbo Adama a hanyar Girei, ta tarayya ce, an kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, a 2021 kuma ta zama jami'ar da ke koyar da kowane fanni, har tana da asibitin koyarwa a Yola. Ga Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka a Mubi. A nan cikin gari ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Foliteknik ta jiha, ga Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma. Akwai Kwalejin Ilimi ta Hong. Akwai kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ga mai hali.

Yaron da makinsa bai kai na jami'a ba, kada a ce masa ya faɗi. Mai NCE ko diploma ta ƙasa mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Haka ma mai IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita. Zama gida ana maimaita JAMB shekara uku don a dole sai likitanci, asara ce.

Game da kuɗi, tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Amma bashi ne fa, ba kyauta ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya fara ware wani abu duk mako daga cinikinsa tun yanzu.

6. A zauna da yaro

Da yawanmu ba mu taɓa tambayar ɗanmu abin da yake son zama ba. Mu dai mun ga ɗan wane ya zama likita. A kira yaro a tambaye shi, a duba katin sakamakonsa na SS1 da SS2, a je a ga malamin ajinsa. Wanda Lissafi ke ba shi ciwon kai, tura shi injiniya zalunci ne.

Kasuwa kuma ba abin raini ba ce, da ita aka ciyar da shi. Yaron da ya karanta akanta zai gyara wa ubansa littafin bashi. Wanda ya iya Faransanci zai yi ciniki a Garwa ba tare da tafinta ba. Mai ilimin noma ko lafiyar dabbobi, ga fadamar Binuwai, ga kasuwannin shanu na Ngurore da Mubi, ga gonar rake ta Numan. Tsakanin gama jarrabawa da shiga makaranta akan samu watanni. Kada a bar yaro yana zaman majalisa da waya a hannu. A kai shi ya koyi gyaran waya, haɗa sola, walda, ɗinki ko aikin kwamfuta, ko a ɗaura masa ɗan jari. Takarda da sana'a in suka haɗu a hannu ɗaya, mutum ba ya jiran aikin gwamnati.

'Ya'yanmu mata ma haka. Dukkanmu muna so in matanmu sun je awo ko haihuwa mace ce za ta duba su. To 'yar wa za ta yi wannan karatu in kowa ya hana tasa? In miji ya fito, alhamdu lillahi, amma a yi maganar ci gaba da karatu a fili tun wajen neman aure, a gaban waliyyai.

7. Bikin gama makaranta

A yi murna, a yi walima daidai ƙarfi, a yi wa yara addu'a. Amma cin bashi don anko, da rubuce-rubuce a jikin riga maza da mata a cakuɗe, da tseren babur a titi, ba namu ba ne. Kuɗin da za a kashe a nan ya isa fom da kuɗin motar zuwa gida karɓo takarda.

Ku kuma ƙannena, iyayenku suna shan rana da ƙura ne don ku. Ku riƙe salla a kan lokaci, ku rage waya, ku nemi tambayoyin shekarun baya ku yi ta bita. Abin da ba ku gane ba ku tambaya, ba kunya a ciki.

Duk wanda bai iya karatun boko ba kuma yana son a duba masa takardun yaronsa, ya same ni a ofishin masallaci bayan La'asar. Ya zo da yaron da takardun gaba ɗaya. Muna kuma roƙon 'yan'uwanmu malamai da ɗaliban jami'a da ke salla tare da mu su ba da lokacinsu a wannan aiki. Masu hali su tuna da marayun unguwa, kuɗin fom ɗaya na iya zama sadaka mai gudana.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, Ya ba su nasara a jarrabawarsu, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci