Wane ne Mai Tsara Birane?

'Yan'uwa ɗalibai, idan aka tambaye mu abin da muke so mu zama, yawancinmu likita ko soja ko lauya muke cewa. A wannan makon mun kawo muku wani aiki da ba a cika ambatonsa ba, wato aikin mai tsara birane.

Mai tsara birane shi ne yake zana taswirar unguwa tun kafin a haƙa harsashin gida ko ɗaya. Shi yake nuna inda titi zai bi, da inda za a yi kasuwa da makaranta da asibiti da maƙabarta da filin ƙwallo. Yana kuma ƙiyasta yawan mutanen da za su zauna a wurin nan gaba, don kada titi da ruwan famfo su yi musu kaɗan.

Me zai faru idan babu tsari? Mu ɗauki ruwan sama. Ruwa gangare yake bi, ba ya neman izinin kowa. A cikin birnin Kano, kududdufai sun samu ne daga haƙar ƙasar gini, kuma su ne suke tara ruwan damina. Idan aka cike kududdufi aka yi gini a kai, ko aka toshe kwalbati, sai ruwan ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane. Haka kuma lungun da ya cika ƙunci, motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Shi ya sa ake neman izinin hukumar tsara birane kafin a yi gini. Rigakafi ya fi magani.

Abuja misali ce ta garin da aka fara tsarawa a takarda. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, amma sai a 1991 aka taso daga Legas.

Mai sha'awar wannan aiki, mace ko namiji, ya dage da lissafi da labarin ƙasa da zane. Ana karanta fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano.

Kafin nan, ga aikin gida. In an tashi yau, kowa ya duba unguwarsu: ina ruwa yake bi in an yi sama? In shara ta toshe kwata, mu gaya wa iyayenmu tun kafin damina ta kankama.