JIFA DA MUMMUNAN SUNA: SHIN NIYYA KO WASA SUNA HALATTA SHI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya girmama shi, ya ba shi harshe, ya ɗora masa amanarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da ta zama ruwan dare a kasuwanni da tashoshin mota da fadar samari, har ma da ƙofar masallaci. Mutum ya dubi ɗan'uwansa ya kira shi ɗan bayi, ko arne, ko shege, ko ya goranta masa sana'ar gidansu ta ƙira ko fawa, ko ya jefe shi da sunan da ake muzanta ƙabilarsu da shi. In an yi masa magana sai ya ce: "Ai wasa nake yi," ko "Ban nufi komai ba," ko "Taubashina ne." Wani ma sai ya jawo hadisin niyya ya kafa hujja da shi. To, mene ne matsayin Shari'a? Shin kyakkyawar niyya, ko yanayin da aka yi maganar a cikinsa, suna mayar da mummunan suna halal?

ASALIN HUKUNCI

A cikin Suratul Hujurati, aya ta 11, Allah ya hana muminai abubuwa uku a jere: yi wa juna izgili, aibata juna, da jifan juna da laƙabi. Ya ambaci maza, ya kuma ambaci mata daban, ya nuna cewa mai yiwuwa wanda ake yi wa izgilin ya fi mai yin sa alheri. Sa'an nan ya kira wannan aiki fasiƙanci, ya sanya wanda bai tuba daga gare shi ba cikin azzalumai.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito dalilin saukar wannan hani daga Abu Jabira ɗan Dahhak (R.A.). Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya zo Madina, ya tarar da mutanen Banu Salima kowannensu yana da suna biyu ko uku. Sai a kira mutum da ɗaya daga ciki, jama'a su ce ai yana fushi da wannan suna. Sai ayar ta sauka. A lura da kyau: abin da aka ambata a wannan ƙissa shi ne ɓacin ran wanda aka kira. Ba a tsaya binciken zuciyar mai kiran ba. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida cewa duk laƙabin da mai shi yake ƙi, haramun ne a kira shi da shi, ko aibin nasa ne, ko na uwarsa, ko na ubansa.

IYAKAR NIYYA

Hadisin niyya, wanda Sayyidina Umar (R.A.) ya ruwaito kuma Imamul Buhari ya buɗe littafinsa da shi, ginshiƙi ne na addini. Amma yana da iyakarsa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa ayyuka gida uku cikin Ihya'u: ɗa'a, halal da saɓo. Niyya tana ƙara ladar ɗa'a, tana mayar da halal ibada, amma ba ta canza saɓo daga matsayinsa. Wanda ya gina masallaci da dukiyar haram bai kuɓuta don kyawun nufinsa ba. Haka wanda ya ci naman wani don ya faranta ran abokin zamansa.

Alƙur'ani ya ba mu misali bayyananne a Suratul Baƙara, aya ta 104. Sahabbai sun kasance suna ce wa Annabi (S.A.W.) "ra'ina", suna nufin ya saurara musu. Niyyarsu tsarkakakka ce, babu kokwanto. Amma wasu daga Yahudawan Madina sai suka riƙa karkatar da kalmar zuwa zagi. Sai Allah ya hana muminai faɗin ta, ya ba su wata a madadinta, wato "unzurna". Idan tsarkin zuciyar sahabbai bai ceci kalmar da wasu suka gurɓata ba, ina ga kalmar da tun asali don wulaƙanci aka ƙirƙire ta? Irin wannan shi ne tushen ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda mazhabar Imamu Malik ta shahara da riƙo da ita.

Haka kuma Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta taɓa yin nuni ga gajartar kishiyarta Safiyya (R.A.). Ba ƙarya ta yi ba, kuma kalma ce ƙarama a ganin mutane. Duk da haka Annabi (S.A.W.) ya sanar da ita cewa da za a gauraya wannan kalma da ruwan teku, da ta jirkita shi.

Wannan ba ya nufin niyya ba ta da wani tasiri. Tana da shi a wajen kuskure da rashin sani. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da raƙumarsa ta ɓace a daji da guzurinsa a kanta, da ya same ta sai tsananin murna ya sa harshensa ya juya, ya sanya kansa a matsayin Ubangiji. Ba a kama shi da laifi ba, domin suɓutar baki ce. Haka baƙon da ya ji wani suna a bakin mutane ya maimaita, bai san zagi ba ne, yana da uzuri. Amma uzurin yana ƙarewa ranar da aka sanar da shi. Niyya tana sassauta laifi ko ta tsananta shi, kamar yadda kisan kuskure ya bambanta da na ganganci. Amma ko a kisan kuskure sai an biya diyya, domin haƙƙin wanda aka cutar bai faɗi ba.

INDA YANAYI YAKE HALATTA AMBATO

Wajibi ne a rarrabe tsakanin ambaton kalma da jifan mutum da ita. Malamai sun yarda da ambato a wurare kamar haka:

1. Don a gane mutum. Cikin manyan maruwaita hadisi akwai Sulaimanu ɗan Mihran, wanda aka sani da Al-A'amash saboda raunin idonsa, da Abdurrahman ɗan Hurmuz, wanda aka sani da Al-A'araj, wato gurgu. Imamun Nawawi ya lissafa wannan cikin wurare shida da aka yi rangwame a kansu a babin giba, da sharaɗin kada a nufi tawaye mutum, kuma in ana iya gane shi da wani suna, to, wannan ya fi.

2. Don hikaya da tabbatar da gaskiya. Mai shaida a gaban alƙali dole ya faɗi zagin yadda ya ji shi. Malami mai gargaɗi yana iya ambaton kalmar don ɗalibai su guje ta, kamar yadda aka yi a farkon wannan darasi. Alƙur'ani kansa ya hakaito mana yadda kafirai suka kira annabawa mahaukata da masihirta.

3. Laƙabin da mai shi yake so. Annabi (S.A.W.) ya tarar da Sayyidina Aliyu (R.A.) kwance a masallaci ƙasa ta manne a bayansa, sai ya kira shi Abu Turab. Ya tabbata cewa babu sunan da Aliyu ya fi so kamarsa.

A duk waɗannan wurare uku babu wanda aka ƙasƙanta. Da zarar ƙasƙanci ya shigo, rangwamen ya fita.

TAUBASANTAKA

A ƙasarmu ta Nijar Allah ya albarkace mu da wasan taubasantaka: tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, tsakanin Zabarmawa da Abzinawa. A watan Muharram taubasai suna bin juna kuɗin shara cikin raha. Al'ada ce da ta kashe wutar husuma mai yawa, har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya a shekarar 2014. Musulunci bai zo don rusa kyakkyawar al'ada ba.

Masu kare wasan suna da hujja mai ƙarfi, kuma adalci ne a kawo ta. Tirmizi ya ruwaito cikin Shama'il cewa Annabi (S.A.W.) ya tarar da wani baƙauye abokinsa mai suna Zahir yana ciniki a kasuwa, ya rungume shi ta baya, ya tambaya cikin raha ko akwai mai sayen wannan bawa. Zahir ya ce ai ba zai yi daraja ba. Sai Annabi (S.A.W.) ya tabbatar masa cewa a wurin Allah shi mai tsada ne. Mu duba abin da ke cikin wannan wasa. Gaskiya ce, domin kowa bawan Allah ne. Zahir ɗa ne, babu tabon bauta a kansa da za a fama. Ya ji daɗin abin, har ya riƙa manna bayansa ga ƙirjin Annabi (S.A.W.). Kuma wasan ya ƙare da ɗaukaka shi. Duk taubasantakar da ta cika waɗannan sifofi, babu laifi a cikinta.

Amma mu ajiye wannan kusa da wani hadisin. Buhari ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa a wata fita ta yaƙi, wani mai yawan wasa daga Muhajirai ya bugi wani mutumin Ansar a baya. Ba'ansare ya fusata ya kira danginsa, wancan ma ya kira nasa. Sai da Annabi (S.A.W.) ya fito ya tsawata, ya kira abin kiran jahiliyya, ya umurce su da su bar shi domin ƙazanta ne. Mai wasa bai nufi fitina ba, amma fitinar ta taso. Baki shi ke yanka wuya.

SUNAYEN DA WASA BA YA ƊAUKA

Na farko, gorin bauta ga wanda ake danganta gidansu da ita. An samu dokar da ta mayar da bauta laifi a Nijar a shekarar 2003, kuma a 2008 kotun ƙungiyar CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya a ƙarar da ta kai kan bautar da ita da aka yi. Ciwon bai warke ba; har yanzu akwai auren da ake fasawa saboda kalmar "asali". Abu Zarri (R.A.) ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, sai Annabi (S.A.W.) ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Darajarsa da daɗewarsa a Musulunci ba su zama masa uzuri ba.

Na biyu, kalmar "shege". Ta yi sauƙi a bakinmu har ana yabo da ita, alhali ma'anarta tuhumar uwar mutum ce. Suratun Nuri, aya ta 4, ta yanke bulala 80 ga mai ƙazafi. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi wa wani wannan haddi saboda habaici kawai, don ya tsarkake iyayensa daga zina a tsakiyar zage-zage da abokin faɗansa. Ko da al'ada ta sauke kalmar daga matsayin ƙazafi a wajen alƙali, ba ta mayar da ita tsarkakakka ba.

Na uku, kiran Musulmi kafiri ko arne saboda saɓanin fahimta. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wannan kalma tana komawa kan ɗayan biyun. Wanda ba Musulmi ba ma, Suratul An'ami, aya ta 108, ta hana a zagi abin bautarsa don kada ya rama da zagin Allah.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Sunan da ake muzanta ƙabila ko zuriya da shi ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Ko abokinka ya yafe maka, bai yafe a madadin uwarsa da danginsa da ƴaƴansa ba. Kuma ba kowace dariya ce yarda ba. Yaron shago da ke yaƙe gaban maigidansa ba shi da ikon nuna fushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yara kuwa suna jin kalmar, ba su jin niyyar. A ƙasar Ruwanda, kafin kisan kiyashin 1994 da kuma lokacinsa, an yi ta kiran ƴan ƙabilar Tutsi kyankyasai a gidan rediyo, ana haɗawa da kiɗa da barkwanci. Cikin kwana 100 aka hallaka mutane kimanin 800,000. Wanda aka cire wa suna na mutunci, jininsa yana yin arha.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Kafin ka kira ɗan'uwanka da wani suna, tambayi kanka: Shin yana son sunan, ko haƙuri kawai yake yi? Zan iya faɗin sa gaban mahaifinsa? Zan yarda a kira ɗana da shi? Akwai wata kalmar da za ta biya buƙata ba tare da cutarwa ba? In ka yi shakka, ka kame bakinka, domin magana zarar bunu ce.

Wanda ya riga ya afka, tubarsa tana da sharaɗi na ƙari, wato neman yafewar wanda ya ɓata wa. Kada ya tsaya yana bayanin niyyarsa, ya ce: "Na cuce ka, ka yafe mini." Muslim ya ruwaito cewa matsiyacin gaskiya a wannan al'umma shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, sai a riƙa ɗibar ladarsa ana biyan su har ta ƙare. Mu yi koyi da Abu Zarri, wanda bayan shekaru aka gan shi a Rabaza sanye da tufa iri ɗaya da ta yaronsa, saboda waccan magana guda da aka yi masa.

Iyaye da malaman makarantun allo da na madarasa, ku hana yara tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku karanta musu aya ta 13 ta Hujurati, wadda ta bayyana cewa an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma fifiko a wurin Allah da taƙawa yake.

Allah ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinsa, ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.