Dabarun Fitar da Sabuwar Manhaja ga Jama'a

Makasudin wannan maƙala shi ne a yi nazarin hanyoyin da masana kwamfuta kan bi idan sun yi wa manhaja gyara, suna son miƙa ta ga masu amfani da ita. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin gyaran da ya yi aiki lafiya a ɗakin gwaji yana iya rikicewa da zarar ya fito fili.

Alal misali, a ƙarshen watan Yuli, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya ɗora sabuwar manhaja a kan kwamfutocinsa takwas, amma aka tsallake ɗaya. Ran 1 ga Agusta, cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. Haka kuma ran 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa gyara mai kuskure a lokaci guda, kwamfutoci wajen miliyan 8.5 suka tsaya cik, har aka soke tashin jiragen sama da dama.

Don gudun irin wannan, akan bi dabaru uku.

Ta farko ita ce dabarar kanari. An samo sunan daga mahaƙan kwal na Ingila, waɗanda kan shiga rami da tsuntsun kanari. In ya galabaita, sun san akwai iska mai guba. To haka ake fara bai wa mutane ƙalilan sabuwar manhajar, a zuba ido. In ba a ga illa ba, a ƙara yawansu.

Ta biyu ita ce dabarar shuɗi da kore, wato a tanadi rukunin kwamfutoci biyu masu kama da juna. Ɗaya na hidimar jama'a, ana gyara ɗayan. In an gama sai a karkatar da jama'a zuwa gare shi, in kuwa ya gaza a maido su nan take. Illarta ita ce tsada.

Ta uku ita ce bi da bi: a gyara kwamfutocin kashi-kashi, ba tare da an dakatar da aiki ba, a kuma tabbatar ba a bar ko ɗaya a baya ba.

Daga ƙarshe, kowace aka zaɓa, wajibi ne a tanadi hanyar komawa ga tsohuwar manhaja tun kafin a saki sabuwa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa.